Kunne ya ji, hannu ya yi: jagorar zaɓen faifan sauti don koyon tsara ayyuka

Akwai lokacin da wayata take ɗauke da faya-fayan sauti sama da ashirin, dukkansu a kan yadda mutum zai tsara ayyukansa. Ina saurare a hanyar zuwa aiki, ina saurare bayan Isha'i, har ta kai nakan san abin da mai maganar zai faɗa kafin ya faɗa. A cikin wannan lokacin ne takardar makarantar ɗana, wadda aka ce in sa wa hannu in mayar, ta kwana uku a aljihun rigata, daga nan ta bi rigar zuwa wanki. Da na zaro ta ta zama dunƙulen ɓawo, yaron yana tsaye yana kallona, abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Ranar na gane inda matsalar take: na tara faya-fayan da ke da daɗin ji, na bar wanda zai sa in dakata in ɗauki biro.

Mu mutanen saurare ne. Da rediyo muka tashi, da kaset ɗin tafsiri da na karatu, yanzu kuma ga saƙon murya a WhatsApp wanda ya fi rubutu yawo. Saboda haka koyo ta kunne ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Sai dai tsarin tafiyar da ayyuka sana'ar hannu ce, kamar ɗinki ko gyaran babur, kuma faifan da ya dace da ita shi ne wanda zai riƙa tura ka ga aikin. Da wannan ma'aunin zan auna komai a wannan jagora.

Zan yi misali da tsarin da na fi sani, wato GTD, na wani Ba'amurke mai suna David Allen. Littafinsa Getting Things Done, wanda sunansa ne aka taƙaita zuwa GTD, ya fito a 2001, aka sake fitar da shi da gyare-gyare a 2015. Na zaɓe shi ne don yana cikin tsare-tsaren da aka fi yi wa faya-fayai iri-iri, har mai nema ya rasa wanda zai kama. Matakan da zan kawo za su yi aiki ko da wani tsarin ne kake so ka koya.

Mataki na farko: san ƙashin bayan tsarin kafin ka nemi faifai

Ba za ka iya tantance faifai mai kyau ba alhali ba ka san abin da ya kamata ya ƙunsa ba. Tsarin GTD a kan matakai biyar yake tsaye. Na ɗaya, tattarawa: duk abin da ke yawo a kanka, babba ko ƙarami, ka fitar da shi ka ajiye a takarda ko a waya. Na biyu, fayyacewa: ka ɗauki kowane abu ka tambayi kanka, mene ne wannan, akwai abin yi a kansa, in akwai mene ne mataki na gaba da ido zai iya gani ana yi. Na uku, jerawa: kowane abu ya tafi mazauninsa, na kalanda ya tafi kalanda, wanda kake jira daga wani ya tafi jerin jira, wanda sai wata rana ya tafi jerin wata rana. Na huɗu, bita, musamman ta mako-mako. Na biyar, aikatawa. A ciki akwai ƙa'idar minti biyu da ta yi suna: in abu ba zai ci fiye da minti biyu ba, yi shi nan take, don rubuta shi da bibiyarsa sun fi yin sa tsada.

Rubuta waɗannan biyar a ƙaramar takarda. Ita ce sikelinka. Duk faifan da ya yi ta nanata ƙa'idar minti biyu amma bai ce uffan a kan bitar mako ba, ya ba ka miya ya hana ka tuwo.

Kuma tsari ɗaya za ka kama. In abin da ke damunka kasa zama ne a kan aiki guda, wataƙila dabarar Pomodoro ta Francesco Cirillo ta fi dacewa da kai: aiki minti 25, hutu minti 5, bayan zagaye huɗu ka yi dogon hutu. Ita bayanin minti goma ya ishe ta, ba ta buƙatar dogon faifai. GTD kuwa na mutumin da abubuwa suka yi wa yawa ne har suna zubewa. Taura biyu ba ta taunuwa, zaɓi ɗaya.

Mataki na biyu: faɗa wa kanka gaskiyar inda kake

Masu neman irin waɗannan faya-fayai kashi uku ne. Akwai wanda bai taɓa gwadawa ba. Akwai wanda ya fara da zafi, ya yi jeri masu kyau, bayan wata guda komai ya watse. Akwai kuma wanda tsarin ya zauna masa, gyaran fuska kawai yake nema. Abin da zai amfani na farko zai gundure na uku, abin da na uku ke jin daɗinsa zai rikita na farko. Yawancin waɗanda suka tambaye ni shawara 'yan kashi na biyu ne, amma sukan nemi faifan 'yan kashi na uku, saboda mutum ba ya son ya ce ya koma baya.

Mataki na uku: rarrabe nau'o'in faifan

A nan zan daɗe, domin a nan ake yawan kuskure.

Cikakken littafi da aka karanta da murya. Bugun 2015 yana nan a sauti, marubucin da kansa ya karanta, tsawonsa kimanin awa goma. Shi ne ginshiƙi, kuma shi nake ba wa sabon shiga shawarar ya nema. Kashin farko na littafin bayanin tunanin da ke bayan tsarin ne, kashi na biyu shi ne aikin hannu mataki-mataki, na uku kuma yana komawa kan dalilin da ya sa ƙa'idojin suke aiki. Kashi na biyun nan shi ne abin da kake biya dominsa. A ciki ne ake gaya maka yadda za ka ware wuri, irin kayan da za ka tanada, yadda za ka bi ɗakinka da teburinka da jakarka kana kwaso duk abin da bai zauna daidai ba. Yana da tsawo, wani wurin ma yana da maimaici, amma maimaicin nan a kunne alheri ne, don kunne ba ya iya komawa layin sama kamar ido.

Taƙaitaccen littafi. Akwai wanda aka fitar daga tsohon bugu, tsawonsa kimanin awa uku. Mutane suna son sa don ana gama shi a tafiya ɗaya daga Kano zuwa Kaduna. Abin da ake yankewa a irin wannan taƙaitawa galibi misalai ne da ƙananan bayanan yadda ake yi, wato daidai abin da sabon shiga ya fi buƙata. Ga wanda ya riga ya san tsarin yana so ya tuna, yana da kyau ƙwarai. Ga wanda bai taɓa yi ba, zai gama ya ji kamar ya gane, ya zauna gaban tarin takardunsa ya rasa ta inda zai fara.

Faifan taron horarwa. Wannan ɗaukar muryar malami ce yana koyar da mutane a zaure, ana tambaya ana dariya. Yana da rai fiye da karatun littafi, kuma tambayoyin mahalarta sukan zama irin naka. Aibinsa biyu. Malamin yakan ce "ku dubi wannan" yana nuna allo, kai kuma ba ka gani. Sannan da yawansu tsofaffi ne, daga zamanin faifan CD, za ka ji ana maganar na'urorin da yanzu ba a amfani da su. Ƙa'idojin ba su tsufa ba, kayan aikin ne suka tsufa, sai ka iya raba su a ranka. In an samu wanda ya zo da littafin aikin da aka raba wa mahalarta, darajarsa ta ninka.

Fodkas, wato shirin magana irin na rediyo da ake sakawa a intanet. Kamfanin David Allen yana da nasa, kyauta ne, ana samunsa a manhajojin sauraron fodkas da aka saba da su. Yawancin shirye-shiryen hira ce da masu horarwa da mutanen da suka daɗe suna amfani da tsarin. Abinci ne mai kyau ga ɗan kashi na uku. Ga sabon shiga tarko ne, domin babu jeri: yau ana maganar bitar mako, gobe ana maganar tsara burin shekara biyar, kai kuma ko jerin farko ba ka yi ba. Haka na ɓata watanni, ina jin yadda wasu suke gyara rufin gidansu ni ban haƙa tushe ba.

Faifan jagoranci. Wannan nau'in na fi ƙauna, kuma shi mutane suka fi tsallakewa. Ba bayani ake yi a cikinsa ba, aiki ake sa ka. A cikin fodkas ɗin da na ambata akwai shiri da ake bi da kai wajen share kai: mai magana zai ambaci ɓangare ɗaya na rayuwa, kamar alkawuran da ka ɗauka, kiran da ya kamata ka yi, kuɗin da ake bin ka, gyaran gida, lafiyar iyali, sai ya yi shiru ya bar ka ka rubuta. Akwai kuma irinsa na bitar mako. Ba a sauraron wannan a mota. A zaune ake sauraronsa, da takarda a gaba. Ranar da na fara yi na cika shafi huɗu, kuma a shafi na uku ne na tarar da wata ta'aziyya da na yi wata biyu ina cewa zan je.

Taƙaice-taƙaicen wasu. YouTube cike yake da su, akwai kuma manhajoji irin su Blinkist masu matse littafi cikin kimanin minti 15. Amfaninsu ɗaya ne: ka ɗanɗana ka ga ko tsarin ya yi maka kafin ka kashe kuɗi. Bayan wannan ka rabu da su. Yanzu ma da yawansu muryar na'ura ce take karanta rubutun da ba a san wanda ya yi shi ba, kuma na sha jin an cusa wa tsarin abin da ba ya cikinsa, kamar a ce dole ka tashi ƙarfe biyar na asuba ko ka jera ayyuka da A da B da C, alhali marubucin ya soki irin wannan jerin.

To ga yadda zan haɗa su. Sabon shiga: cikakken littafi da faifan share kai, shi ke nan. Wanda ya fara ya faɗi: faifan bitar mako da farko, sannan babin bita a cikakken littafin, domin kusan kullum daga nan ginin yake rushewa. Wanda tsarin ya zauna masa: fodkas, da taƙaitaccen littafin sau ɗaya a shekara.

Mataki na huɗu: gwajin minti biyar

Kafin ka saya ko ka sauke, saurari samfuri. Audible, wato shagon littattafan sauti na kamfanin Amazon, yana ba da ɗanɗanon 'yan mintuna kyauta, sauran shagunan ma haka. Sa abin kunnen da za ka riƙa amfani da shi, ka tsaya a irin wurin da za ka riƙa saurare, ba a ɗaki shiru ba in har a cikin A Daidaita Sahu za ka riƙa ji. Sai ka duba abu uku.

Na farko Turancin. Waɗannan faya-fayai da Turancin Amurka aka yi su, wanda ya sha bamban da wanda kunnenmu ya saba da shi a makaranta da ofis. Bayan minti biyar, dakatar ka faɗa wa kanka da Hausa abin da aka ce. In ka iya, madalla. In ka kasa, rage gudun muryar zuwa 0.8 ka sake gwadawa. Babu abin kunya a nan, ni ma da haka na fara. In har yanzu bai shiga ba, nemi littafin takarda ka riƙa bi da ido ana karanta maka, ko ka nemi ɗan'uwan da ya iya ku riƙa zama tare.

Na biyu, wane bugu ne. Hanya mai sauƙi ita ce ka lura da sunayen matakan. In ka ji ana jero collect, process, organize, review, do, daga tsohon bugu ne. In ka ji capture, clarify, organize, reflect, engage, sabon ne. Ma'anar kusan ɗaya ce, kuma tsohon bai lalace ba, amma in ka cakuɗa su ba tare da ka sani ba za ka ɗauka matakai goma ne.

Na uku, kuma shi ne babba: a cikin minti biyar ɗin nan, an gaya maka wani abu da za ka iya tashi ka yi yau? Ko kuwa an sa ka ji kawai kamar kai ma za ka zama wani? Faifan ƙarfafa gwiwa yana da ranarsa, amma ba shi kake nema ba.

Mataki na biyar: data, manhaja da kuɗi

Lissafin data ba wuya. Sautin magana da aka matse a kan kilobit 64 a daƙiƙa yana cin kusan megabayit 29 a awa ɗaya, wato littafin awa goma bai kai megabayit 300 ba. In a kan 128 ne, ninka biyu. Magana ba waƙa ba ce, 64 ya wadatar. Sauke shi gaba ɗaya lokacin da kake da intanet mai kyau ko garaɓasar dare, kada ka dogara da saurare kai tsaye, don netwok zai yanke maka a daidai inda bayanin ya yi daɗi. In bidiyo ne a YouTube, ka tuna kana biyan kuɗin hoton da ba kallonsa kake yi ba.

Manhajar da za ka saurara da ita dole ta iya abu uku: ta tuna inda ka tsaya, ta bar ka ka sa alama, ta bar ka ka koma baya daƙiƙa 15 ko 30 da taɓawa ɗaya. Manhajar waƙa da ta zo da waya yawanci ba ta yi. A Android akwai Smart AudioBook Player don littattafai da AntennaPod don fodkas. Ka kuma tabbatar faifan an raba shi babi-babi. Dunƙulallen fayil na awa goma wanda ba shi da babi azaba ne, za ka koma neman wuri ɗaya ka ɓata rabin awa.

Maganar kuɗi kuwa, fara da na kyauta, wato faifan jagoranci da ke cikin fodkas ɗin, ka ga ko da gaske kake. In za ka sayi cikakken littafin, duba ko katin bankinka yana biya a shagon waje, domin dokokin bankuna a kan haka sun sha canzawa. In ka shiga tsarin biyan wata-wata don ka samu littafi ɗaya, rubuta ranar da za ka soke a kalanda tun ranar da ka shiga. Zan kuma faɗi abin da na san ana yi: fayil ɗin da ke yawo a Telegram ko ake turawa ta Xender. Ban da haƙƙin mai shi da ke kanka, sau da yawa a yanke yake, babi ya ɓace, ko an liƙa sunan cikakke a kan taƙaitacce. Ka gina tsarin rayuwarka a kan abin da ka san asalinsa.

Mataki na shida: cike giɓin da kunne ba zai cike ba

A tsakiyar littafin akwai zane guda wanda shi ne zuciyar tsarin, kuma ba a jin zane. Wasu littattafan sauti suna zuwa da takardar PDF mai ɗauke da zane-zanen, duba bayanin shagon ka gani. In babu, zana da kanka tun kafin ka fara saurare. A saman takarda rubuta "Mene ne wannan?" A ƙasa, "Akwai abin yi?" Ja layi zuwa hagu don a'a, ka raba shi uku: shara, wata rana, ajiya don tunawa. Ja layi zuwa ƙasa don e, ka rubuta "Mene ne mataki na gaba?" Daga nan rassa uku: yi yanzu in bai kai minti biyu ba, miƙa wa wani ka rubuta a jerin jira, ko ɗage shi zuwa kalanda ko jerin matakai. A gefe ka ja reshe ɗaya: in abin zai ci mataki fiye da ɗaya, sunansa ya shiga jerin manyan ayyuka. Liƙa takardar a inda kake zama. Duk lokacin da mai magana ya shiga bayanin fayyacewa, idonka yana kan zanen, sai ka ga maganar ta zauna.

Giɓi na biyu na misalai ne. Faya-fayan nan da ma'aikacin ofis na Amurka suke magana, mai tiren takardu a tebur da akwatin imel. Namu akwatin daban yake: saƙon murya arba'in a WhatsApp, katin ɗaurin aure da aka miƙo maka a ƙofar masallaci, maƙwabcin da ya tare ka a hanya ya ce "Malam, maganar nan tamu fa?", takardar asibitin Hajiya a cikin jaka. Duk inda ka ji misalinsu, dakatar ka nemo namu. Haka ma jerin wurare. Littafin yana koyar da a raba matakai bisa inda za a iya yin su, kamar a waya, a kwamfuta, a gari. Nawa jerin ga shi: in an kawo wuta, in na shiga kasuwa, in ina da data, in na je gida wurin su Baba. Wata 'yar'uwata mai sana'ar ɗinki a gida ta ƙara nata, in yara sun tafi Islamiyya. Faifan da ya bar maka sararin yin wannan juyi ya fi wanda ya ɗaure ka da wata manhaja tasa.

Ga wani wurin da dole mu juya. Marubucin ya ba da shawarar a ware kimanin awa biyu da farkon yammacin Juma'a don bitar mako, saboda a wurinsu ranar ce ƙarshen makon aiki. A wurinmu wannan lokacin na masallaci ne da gaishe-gaishe. Kada ka ce tsarin bai dace da kai ba saboda haka. Dalilinsa shi ne a yi bitar alhali abubuwan makon suna sabo a kai, kuma da sauran damar kiran mutane. Yammacin Alhamis yana biyan wannan buƙata, safiyar Asabar bayan Asuba ma tana yi ga wanda gidansa ke shiru a lokacin.

Mataki na bakwai: yadda za ka saurara

A makarantar zaure ba a ɗaukar littafi na biyu sai an sauke na farko, kuma malam ba ya ƙara maka karatu sai ka biya na jiya. Haka za ka yi da faifan da ka zaɓa.

Zagaye na farko, saurari kashin farko na littafin a ko'ina, a mota, a wurin wanki, a layin banki. Ba a buƙatar biro, so ake hoton ya shiga kai. In wani abu ya faɗo maka a rai kana tafe, yi wa kanka saƙon murya, wannan ma tattarawa ce. Direba kuwa ya bar taɓa waya har sai ya tsaya, mai babur kuma kada ya toshe kunnuwansa a kan titi.

Da ka iso kashi na biyu, doka ta canza: ba a saurare sai a zaune, kuma ba a wuce babi sai an aikata shi. Marubucin ya ce aikin kafa tsarin na farko yakan ci kwana biyu cur ba tare da katsewa ba. Kaɗan ne daga cikinmu za su samu haka, ga iyali ga baƙi ga biki. Raba shi gida huɗu ko biyar, awa biyu-biyu. Zama na farko, babin tanadin wuri da kaya, sai ka tashi ka nemo kwali ko tire guda, fararen takardu, biro da 'yan fayil. Zama na biyu, babin tattarawa da faifan share kai. Kada ka fara warware komai a wannan zaman ko da hannunka yana ƙaiƙayi, tarawa kawai. Zama na uku, fayyacewa, zanenka a gaba, abu ɗaya-ɗaya daga sama, kuma abin da ka ɗauka ba ya komawa cikin kwalin. A nan ne za ka gane bambancin "maganar fili" da "kira Alhaji in tambaye shi ranar da za mu je wurin mai unguwa". Na farko damuwa ce, na biyu aiki ne. Zama na huɗu, jerawa. Na biyar, bitar mako ta farko da faifan jagoranci a kunne.

Kada ka ƙara gudun murya a wannan kashin. Na san masu sauraro a kan ninki biyu don su ce sun gama littafi kaza a wata. A hira ko fodkas babu laifi. A babin da ake koya maka aiki, gudun da zai bar hannunka ya bi shi ne daidai.

Mataki na takwas: hukunci bayan mako biyu

Sa rana a kalanda, mako biyu daga ranar da ka fara. In ta zo, ɗauko takardar nan ta matakai biyar ka duba da idonka. Akwai wuri ɗaya da kake zuba duk abin da ya shigo? Akwai jerin matakai da kowane layi a cikinsa ya fara da aiki, kamar kira, saya, rubuta, kai? Akwai jerin abin da kake jira daga mutane, da ranar da ka nema? Ka yi bita ko sau ɗaya?

In uku daga cikin huɗun nan suna nan, faifan ya yi aikinsa. Riƙe shi, ka sa alama a babi biyu ko uku da za ka riƙa komawa, sauran faya-fayan da ka tara kuma ka kwashe su daga waya zuwa memori ko kwamfuta, don ganinsu kullum yana jan hankali zuwa sabon saurare. In babu ko ɗaya, tambayi kanka a ina aka tsaya. In Turancin ne ya yi nauyi, koma mataki na huɗu na wannan jagora, wato gwajin minti biyar. In ka saurara ne ba ka zauna ba, faifan ba shi da laifi, sake ware zama na biyu a wannan makon. In kuwa ka zauna ka yi, amma ka ga tsarin ya fi ƙarfin buƙatarka, wataƙila ayyukanka ba su kai yawan da za su nemi jeri biyar ba, ƙaramin littafin aljihu da dabarar minti 25 za su ishe ka.

Sai bayan ka yi bitar mako sau huɗu a jere za ka buɗe sauran shirye-shiryen fodkas. A lokacin za ka zaɓi shiri bisa tambayar da ke hannunka, misali yadda ake yi da jerin da ya yi tsawo har ya fara ba da tsoro, ko yadda mata da miji za su haɗa kalandar gida, ka saurari wannan ɗaya, ka rubuta gyara ɗaya da za ka gwada a bitar mako mai zuwa.